Ba Kowane Zazzaɓi Mai Gusar Da Hankali Ne Maleriya Ba

Mun gaji da ganin abu ɗaya yana maimaituwa a asibitocinmu. A kawo mutum da zazzaɓi da ciwon kai, yana sambatu, bai gane matarsa ba, ko yana jijjiga, sai a ce maleriya ce ta hau kai. A yi masa allurar atesunet, maganin maleriya mai tsanani. Kwana uku babu sauƙi, sai a ce to taifot ne. A gida kuwa an riga an yanke hukunci cewa iska ce, ana ta hayaƙi da ruƙiyya. Duk wannan lokacin ƙwayar bairos tana cin ƙwaƙwalwarsa.

Kumburin ƙwaƙwalwa muke nufi, musamman wanda bairos ɗin hapis ke jawowa, wato mai fito da ƙuraje a gefen leɓe. Idan ya kai ga ƙwaƙwalwa, ɓangarorin da ke daidai saitin kunnuwa yake kamawa, inda ajiyar tunani da fahimtar magana suke. Shi ya sa hali ke canzawa tun kafin a suma, har a ɗauka taɓin hankali ne. In ba a yi magani ba, kusan 7 cikin 10 mutuwa suke yi. Abin haushin, akwai magani!

Sunansa acyclovir, na allura ta jijiya. Babba ana ba shi miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsa, duk bayan awa 8, kwana 14 zuwa 21. A cikin ƙarin ruwa ake sa shi ya riƙa ɗiga tsawon awa guda, kuma a ba mara lafiya isasshen ruwa ana duba ƙodarsa, domin in aka tura shi da gaggawa yana daskarewa ya toshe ta. Ƙa'ida ita ce a fara da zarar an yi zargi, cikin awanni kaɗan, ba a jiran sakamakon gwaji.

To a je a nemo shi mana. Kantin maganin asibiti zai ce babu, a miƙa wa dangi takarda su shiga gari kemis-kemis. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar miligiram 600 a kowane zubi, kwalba 3 ke nan ta miligiram 250, sau uku a rana: kwalba 126 a sati biyu. Talaka ya sayi na kwana biyu kuɗi ya ƙare, a tsallake zubi, ko wani ya ce a koma ƙwayar haɗiya ta fi araha. Ƙwayar kuwa kaɗan ce daga cikinta ke shiga jini, ba ta isa ƙwaƙwalwa yadda ake so. Asara biyu.

Gwajin ma haka. Sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an yi masa PCR, gwajin da ke gano bairos ɗin, ake tabbatarwa, amma asibiti nawa ne ke yi? Dangi kuma su kafe cewa allurar baya tana gurgunta mutum, babu wanda ya zauna ya yi musu bayani. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI sai babban birni, da kuɗi a hannu. Mafi ban takaici, da zarar gwajin maleriya ya nuna akwai, sai a rufe tunani. A ƙasar da mutane da yawa ke yawo da ƙwayar maleriya a jini lafiya lau, wannan hujja ce? A ba da atesunet ɗin, a ba da seftiriyazon saboda sanƙarau, amma a haɗa da acyclovir har sai an kore zargin.

Wanda ya tsira bayan jinkiri sau da yawa yana komawa gida da mantuwa, farfaɗiya ko rikicewar magana, babu wanda zai bi sawunsa. Muna so ma'aikatun lafiya na jihohi su tilasta wa kowane babban asibiti ajiye wannan allura a ɗakin gaggawa, aƙalla ta kwana uku na farko, a fara yi wa mutum kafin a tambayi danginsa kuɗi.