Fafaroman da aka ce yana da aljani, da malaminmu na Katsina

Mu da ke zaune a Turai muna da wata magana da muke jefa wa Turawa idan gardama ta yi zafi: ai lambobin da kuke lissafi da su ma daga hannun Musulmi kuka karɓa. Gaskiya ne, kuma tana da daɗin faɗi. Sai dai a nan muke tsayawa. Ba mu tambayar wa ya je ya karɓo, ko me mutanensa suka yi masa da ya dawo. Zamana a Faransa ya sa na san labarin ɗaya daga cikinsu, kuma bai bar ni da abin yin alfahari ba.

Sunansa Gerbert. An haife shi wajajen shekarar 946 a yankin Aurillac da ke tsakiyar Faransa, kuma a gidan masu zuhudu na Kirista da ke garin ya fara karatu. A 967 sarkin Barcelona, Borrell na Biyu, ya tafi da shi Kataloniya ya danƙa shi ga Atto, bishop na garin Vic. Ƙasar Kiristoci ce, amma tana maƙwabtaka da Andalus, a zamanin da Halifa al-Hakam na Biyu yake tara littattafai a Ƙurɗuba har ana maganar dubu ɗari huɗu. Abin da ake fassarawa daga Larabci a kan hisabi da falaki yana ratsowa ta wannan iyakar, kuma saurayin ya shekara uku yana ɗiba.

A 972 ya sauka a Reims ta Faransa ya zama malamin makarantar babbar majami'ar garin. A can ne ya yi abin da ya sa har yau ake ambatonsa. Ka gwada ninka XXXVII da XLVIII da haruffan Rumawa ba tare da ka mai da su 37 da 48 ba, za ka san halin da mai lissafi yake ciki a Turai a wancan lokaci. Gerbert ya sa aka yi masa allon lissafi mai layi 27, aka sassaƙa masa 'ya'yan allo dubu da ƙaho, kowane ɗaya da alamar lamba daga 1 zuwa 9. Babu sifili, gurbinsa akan bar layin ba komai. Ɗalibinsa Richer ya rubuta cewa yana ninkawa da rabawa da saurin da kafin a gama furta lambobin ya riga ya fid da amsa. Ya kuma haɗa ƙwallaye na katako da zobba na ƙarfe don ɗalibai su ga yadda taurari ke tafiya da idonsu. Ko a 984, yana babban malami, wasiƙa yake aikawa Barcelona yana roƙon a turo masa wani littafin taurari da aka fassara. Bai ji kunyar roƙo ba, bai kuma damu da cewa asalin ilimin daga waɗanda cocinsa ke kira kafirai ya fito ba.

Ba waliyyi ba ne fa. Ɗan siyasa ne da ya iya takunsa. Yana cikin waɗanda suka ɗaure wa Hugh Capet gindi ya hau sarautar Faransa a 987, ya karɓi kujerar babban bishop na Reims a 991 cikin rigimar da ta sa daga baya dole ya bar ta. Sarkin Jamus Otto na Uku, wanda ya yi ɗalibta a hannunsa, shi ya kai shi kujerar babban bishop na Ravenna ta Italiya a 998, sannan ya ɗora shi a kujerar fafaroma a 999 da sunan Silbesta na Biyu, Bafaranshe na farko da ya hau ta. Mutanen Roma suka yi bore suka kore su tare a 1001, Otto ya mutu a 1002, shi kuma ya bi shi a watan Mayun 1003. Shekara huɗu ke nan. Lambobinsa ma ba su kama ƙasa ba sai bayan da Fibonacci, masanin lissafi ɗan Italiya wanda ya koyo su a Bijaya ta Aljeriya, ya rubuta littafinsa a 1202.

To ga inda labarin ya fara kama da na gida. Ba a cika shekara ɗari da mutuwarsa ba aka fara cewa matsafi ne. A ƙarni na 12 wani marubucin tarihi ɗan Ingila, William na Malmesbury, ya zuba labarin dalla-dalla: wai ya sace littafin asiri daga hannun wani malamin Larabawa, ya ƙulla alkawari da Shaiɗan, ya ƙera kan mutum na ƙarfe mai ba shi amsa da i ko a'a. Wai kan ya gaya masa ba zai mutu ba sai ya yi ibada a Ƙudus, sai ya ƙi zuwa Ƙudus, ashe a Roma akwai majami'ar da ke ɗauke da sunan birnin, ya yi ibada a cikinta, ajali ya sauka. Har kabarinsa da ke majami'ar Lateran an ce yakan yi gumi idan wani fafaroma ya kusa mutuwa.

Wane Bahaushe ne bai san irin wannan ba? A wajenmu ma malamin da ya san tafiyar taurari ko ya iya hisabi ba a cewa ya yi karatu, sai a ce yana da rauhanai. Bambancin dai kaɗan ne: su sun kira abin tsafi suka tsani mutumin, mu mukan kira shi karama mu girmama shi. Amma ta kowace hanya an raba shi da wahalar da ya sha a kan littafi, kuma yaron da ya ji labarin ba zai taɓa tunanin shi ma zai iya koya ba. Wa zai zauna koyon abin da aka ce aljani ke bayarwa?

Ɗauki Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi. Bakatsine ne, ya yi karatu har Borno da Bagirmi, ya yi aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi a kan hatimi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Shi kam ba ƙage aka yi masa ba, ya yi rubutu a kan ilimin sirri da gaske. Amma a cikin wannan rubutun akwai lissafi tsantsa: ƙa'idar yadda za ka cika gidajen hatimi mai layi uku, ko biyar, ko bakwai, ta yadda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimilla ɗaya za ta fito. Mai layi uku 15 yake bayarwa, mai layi biyar 65. Wannan ba sai da turare ba, yaron aji uku na sakandare zai iya gwadawa ya tabbatar. Mu sai muka riƙe hatimin muka naɗe a laya, ƙa'idar muka bar ta a ƙasa, kamar wanda ya zubar da tsaba ya adana buhu.

Na san za a ce Turawa ma sai da suka shafe ɗaruruwan shekaru kafin su wanke Gerbert. Haka ne. Amma sun wanke shi, kuma ba da addu'a ko kirari ba. Wasiƙunsa sama da ɗari biyu suka tono, suka buga, suka fassara, suka tantance abin da ya koyar da abin da aka laƙa masa. A Aurillac mutum-mutuminsa na tsaye tun ƙarni na 19. Ni ba mutum-mutumi nake nema wa al-Kashnawi ba, mun san hukuncinsa a wajenmu. Malamanmu irin su Hassan Gwarzo da Ahmad Kani sun yi bincike a kansa, Allah ya saka musu, sai dai aikin da Turanci yake, a mujallu da littattafan jami'a da ɗan sakandare ba ya gani. Wadda ta kai ƙa'idarsa gaban malaman lissafi na duniya wata malama ce Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, a littafinta na 1973 kan lissafin Afirka.

Abin da nake so ƙarami ne. Malamin lissafi a Katsina ko Maraɗi ya zana hatimi mai layi biyar a allo, ya bar yara su cika shi da hannunsu har 65 ta fito ta kowane gefe, sannan ya gaya musu sunan mai ƙa'idar da garinsu. Za a sami iyayen da za su zo makaranta suna tambayar me ya kawo tsibbu cikin aji. Malamin sai ya ba su alli su ma su tara.