Yadda Na Zama Likitan Batir Na Kwana Huɗu

Motata Prius ce ƙirar 2007, mai aiki da fetur da lantarki, kuma ta yi mini hidima shekara da shekaru ba tare da ta taɓa ƙorafi ba, har zuwa safiyar da wata jar alama mai kusurwa uku ta bayyana a allon gaban direba, fankar da ke bayan kujera ta shiga gurnani kamar ana bin ta bashi. Da na jona na'urar binciken lahani sai ta nuna mini P0A80, wato lamba ce da ke nufin a sauya babban batir baki ɗaya. Da a ce ina da cikakken hankali a ranar, da bakanike na nufa. Amma na kalli wani bidiyo na minti ashirin a intanet inda wani mutum ya gyara nasa yana murmushi, sai na ji a raina cewa shi ma ba kai biyu gare shi ba.

Batirin irin wannan mota ƙananan batura 28 ne jere kamar littattafai a kanta, kowanne da ɗakuna shida, kowane ƙaramin batir yana ba da volt 7.2, jimilla sama da volt 200, wadda ta isa ta raba mutum da duniya. Saboda haka na sa safar hannu ta masu aikin lantarki, na zare filogin nan mai ruwan lemo da ke katse wutar, aka ce a jira minti goma, ni kuwa na jira sa'a guda cur, ina leƙen but ɗin daga nesa kamar mai gadin ramin maciji.

Fito da batirin daga but kaɗai ya cinye mini yini, kuma ƙuguna bai yafe mini ba har yau. Da na auna ƙananan baturan ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar na goma sha bakwai ya gaza 'yan uwansa da kusan volt 1.2, alamar ɗaki guda ya mutu a cikinsa. Na yi ta murna kamar wanda ya kama ɓarawo da hannu. Na samo wani na hannu, na zauna ina goge ƙananan jajayen ƙarafan da ke haɗa baturan, waɗanda suka yi kore shar saboda tsatsa, da buroshin haƙori wanda daga baya aka tabbatar mini ba nawa ba ne. Sai kuma na ce bari na yi wa sabon caji a kan tebur, ban san cewa dole a matse shi ta gefe biyu ba, domin iskar da ke taruwa a ciki tana kumbura shi. Kafin na dawo daga wanke hannu ya yi tumbi kamar kwaɗon da ya ji haushi, dole na sake nemo wani.

A rana ta uku na mayar da komai, noti uku suka yi saura a tafin hannuna, na yanke hukuncin cewa tun asali ba su da wani aiki. Na danna maɓallin tayarwa cikin isa, motar ta yi shiru. Na sake kwance batirin, na gano gurbin notin nan uku, na ɗaure, na mayar, na danna, shiru dai. A rana ta huɗu ina zaune cikin but, gumi ya jiƙa ni sharkaf, sai matata ta leƙo ta ce, "Maigida, wancan abu mai ruwan lemo haka ka same shi, hannunsa a sama?" Na buɗe baki zan yi mata bayanin cewa lamarin lantarki ba a shigarsa da ka, sai idona ya sauka a kansa. Ashe bayan an cusa filogin an naɗe hannunsa, sai an tura shi ƙasa ya kulle, in ba haka ba kwamfutar motar ba za ta yarda a tashi ba. Na tura shi da ɗan yatsa, motar ta tashi nan take, matata ta juya ba ta ce komai ba, wanda ya fi kowace magana ciwo.

Mako uku na yi ina ba duk wanda ya tsaya kusa da ni labarin gwanintata, har ina yi wa masu irin motar tayin taimako. Abin da mai bidiyo bai faɗa ba shi ne sauran 27 ɗin sa'o'in juna ne, tare suka tsufa, kuma baƙon da na kawo bai zo daidai da ƙarfinsu ba. A mako na huɗu jar alamar ta dawo, mita ta nuna na tara ne ya kwanta wannan karon. Matata ta miƙo mini safar hannun, sannan ta kwashe buroshin haƙorin gidan duka ta kulle a durowa.