Ku Ƙirga Kwanakin da Kuka Ɗauka Kafin Ku Dawo

'Yan'uwa, musamman mu da muka haura shekara 40, da yawanmu likita ya ce mu rage gishiri da dunƙule, mu bar lemon kwalba, mu riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga. Mukan ɗauki abin da zafi, sai hidimar biki ta taso, ko sanyin hunturun Zariya ya hana mu fita bayan sallar asuba, nan take mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da juriya, ya watsar da komai. Wannan hukunci yana damuna ƙwarai, domin da mudun da bai cika ba aka yi awon.

Masana halayyar ɗan Adam suna da ma'aunin juriya, kamar na Connor da Davidson na shekarar 2003 mai tambayoyi 25, kuma cikin abin da yake bincika har da yadda mutum yake farfaɗowa bayan rashin lafiya ko wahala. Wani bincike da aka yi a Landan ya gano cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu ma su haura kwana 200, kuma tsallake rana guda bai rushe ginin ba.

Akwai wani maƙwabcina a Tudun Wada da ya rataye kalanda a bayan ƙofar ɗakinsa, yana yi wa kowace ranar da bai fita tattaki ba alama da jan biro. Karon farko da ya yanke, sai da ya kwana 19 kafin ya sake ɗaura takalmi. Bayan ƙaramar sallah kuwa kwana 3 kacal ya yi. Raguwar wannan tazara ita ce juriyarsa, ko da yake nauyinsa bai sauka sosai ba tukuna.

Annabi (SAW) ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Saboda haka ku ɗauki abin da za ku iya riƙewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, da gishirin da bai kai giram 5 ba a yini, kusan cokalin shayi guda, har da wanda yake cikin dunƙule. Ku ma ku riƙa yi wa ranakun da ba ku fita tattaki ba alama da jan biro, ku rubuta awon jininku kusa da su, kada kuma ku ajiye magani don kun ga lambar ta sauko. Ranar ganin likita, a asibitin koyarwa na Shika ne ko a asibitin unguwa, ku tafi masa da takardar, har da kwanakin jan biro.