Gwazar Naira 15,000

Kun dai san yadda begoniya, shukar adon nan, ta shiga kaina tun bikin ƙanwar Abban Hanif da muka je Jos na dawo da reshe ɗaya a cikin gorar ruwa, don haka ba sai na maimaita ba. Yanzu tukwane 14 ne a baranda, kowace da sunanta na Latin da na rubuta a jikin cokalin roba na soke a ƙasa. To, 13 dai. Ta 14 ɗin ce ta sa nake wannan rubutu da ƙarfe ɗayan dare.

Bara da damina na tsaya wurin masu sayar da fulawa na bakin titi a nan Kaduna. Ba zan faɗi wanne ba, wasunku sun san shi, mai hular sanyi ko da rana ta take. Can ƙarƙashin mangwaro na hango ta: ganye faffaɗa, tsakiyarsa ja kamar an zuba zoɓo, gefensa kore shar. Lokacin na yi watanni ina mafarkin Begonia rex, wadda asalinta daga Assam take a ƙasar Indiya, sunan ma da Latin sarki yake nufi. Na ce, "Malam, wannan rex ce?" Ya dube ni, ya dubi makullin motar da ke hannuna, ya ce, "Ita ce, Hajiya." Na ce, "Ta Indiya?" Ya ce, "Daga can ma aka kawo ta." Yanzu da nake tunani, da cewa na yi kuka ce, da ya ce ita ce, Hajiya, ba ta dai girma ba tukuna. Ya sa 20,000, na yi ciniki har ina yaba kaina, na biya 15,000. Da Abban Hanif ya tambayi inda kuɗin suka shiga na ce masa kuɗin fulawa ne. Bai tambayi wace fulawa ba, ni kuma ban ga dalilin tsawaita magana ba. Sati biyu bawan Allah ya yi yana jiran cincin.

Da hunturu ya shigo duk begoniyoyin suka shiga wahalar da suka saba, bakin ganye ya bushe kamar an gasa, don su inuwa da laima suke so. Na jera farantan tsakuwa da ruwa a ƙarƙashinsu, na rataya jiƙaƙƙen tsohon zani a ƙarfen baranda. Rex ɗina kuwa ɓacewa ta yi ɗungurungum, ganye ɗaya bayan ɗaya har tukunya ta koma ƙasa zalla. Na yi jimami na tura ta bayan duro. Ruwan farko na sauka sai ga tsiro ya ɓullo a nannaɗe kamar mashi. Na ɗauki hoto na ɗora, na rubuta a ƙasa, "Iya reno ba a saya a kasuwa." Mutum 40 da wani abu suka gani. Ina tuna adadin.

Asabar ɗin da ta wuce adashe ya faɗo gidana. Mata 11, ga amaryar ƙanin Abban Hanif da ba ta taɓa haɗa jimla biyu a gabana ba, ga kuma Gwaggo da ta zo daga ƙauye aka cire mata yanar ido, tana zaune a tabarma da auduga manne a idon hagu. Ku riƙe wannan. Ido ɗaya.

An ci an sha an haɗa kuɗi. Babu wadda ta tambaye ni komai game da shuka, wallahi babu. Ni ce na ce a fito baranda a sha iska. Ni ce na tsaya a gaban tukwanen nan na gyara murya irin ta aji. Na gaya musu cewa begoniya ta haura iri 2,000 a duniya, kuma wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Charles Plumier ne ya raɗa mata sunan don karrama Michel Bégon, jami'in Faransa da ya yi aiki a yankin da ake kira Haiti yau. Na nuna musu masoniana mai baƙin zane a tsakiyar ganye kamar gicciye, wadda Maurice Mason ya kai Ingila daga Singapore a 1952. Na nuna musu maculata 'yar Brazil mai ɗigo-ɗigon azurfa, na juya ganyen su ga jan bayansa. Na tsinko fure biyu daga ƙananan nan masu ganye kamar an shafa mai, na ce ga namiji ga mace a jikin uwa ɗaya, macen ita ce mai fiffike uku a ƙeya, irin da ke ciki kuma kamar ƙura yake don ƙanƙanta. Hajiya Ladi ta yi hamma. Ban fasa ba.

Sai na zo kan maganar da ta yanka ni. Na ɗaga yatsa na ce, "In kuna son gane begoniya, ku dubi ganye. Ɓangare ɗaya ya fi ɗaya girma, kamar kunnen da aka ja. Ki ninka shi biyu, ba zai taɓa haɗuwa daidai ba." Sau uku na faɗa. Na uku har da jan wasalin "taɓa". Sannan na matsa gefe, na buɗe hannu kamar mai gabatar da amarya, na ce, "Ga kuma sarauniyarsu."

Gwaggo ta karkato kai ta juyo da idon mai gani. Ba ta ma taso ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce ki shuka gwaza a tukunya?"

Na yi dariya. Irin dariyar nan ta tausayi da ake yi wa tsoho in ya kira kwamfuta talabijin. Na ce, "Gwaggo, ai wannan daga Indiya take." Ta ce, "To su ma Indiyar suna da gwaza ke nan." Na ce, "Gwaggo, rex sunanta." Ta ce, "Ko Rakiya ce. Shekara nawa ina haƙar ta a fadama? Dubi inda karan ya kama ganyen, daga ciki. Wannan an dai yi mata kwalliya ne."

Da nan aka tsaya da na tsira, sai a ce tsufa ne da ciwon ido. Amma Allah ya ba ni ɗa mai son taimakon uwarsa. Hanif, shekararsa 7, ya ga ana musu da Ummansa, ya ce bari ya kawo hujja. Kafin in ankara ya tsinke ganye ɗaya daga cikin biyar ɗin da take da su, mafi girman, ya tsaya a tsakiyar mata. Ya ninka shi biyu a hankali, a kan jijiyar tsakiya, harshensa a waje irin na mai aikin hannu a makaranta. Ya daidaita tsinin. Ya daidaita kunnuwan biyu na sama. Ya bi gefen da babban yatsa ya goge. Ina kallo gefe ya hau kan gefe, babu ko ƙwayar gero da ta yi saura, kamar tela ne ya yanka da almakashi. Ya ɗaga sama don kowa ya gani, ya ce, "Umma, wannan dai daidai yake."

Shiru. Ina jin fankar falo tana juyawa. Ya warware ganyen ya sake ninkawa ta baya, wai ko ta can ne ba zai haɗu ba. Ya haɗu. Ya ce, "Ta nan ma."

Na juya wajen amarya, don na tuna ilimin tsirrai ta karanta a jami'a, abin da ban tuna ba duk tsawon laccar da na yi a gabanta. Na ce, "Amarya, gaya musu." Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ta ce, "Anti, tana da kyau sosai." Na ce, "Ba kyau na tambaye ki ba." Da murya can ƙasa ta ce, "Anti, Caladium ake ce mata. Gidansu ɗaya da gwaza. Daga Kudancin Amurka take, wajen Brazil. Da rani takan zubar da ganye ta kwanta, ruwa na sauka ta farka da kanta." Da kanta. Iya reno. Ta ƙara da cewa a wanke wa Hanif hannu kada ya kai baki, ruwanta na da ƙaiƙayi. Gwaggo ta ce, "Gwaza ai dama da ƙaiƙayinta."

Mai hankali a nan yake zama. Ni kuwa cewa na yi rex saiwarta kwance take a saman ƙasa kamar citta, bari ku gani. Na ɗaga tukunya na kifa a hannu. Ƙasar ta watse a kan tayil, wani abu dunƙulalle baƙi-baƙi ya faɗo, ya gangara, ya wuce ƙafar Hajiya Ladi, ya wuce tiren kofuna, ya je ya tsaya cak a bakin tabarmar Gwaggo kamar ɗan da ya gane uwarsa. Ta ɗauka ta jinjina a tafin hannu, ta ɗan ƙwarzane da farce ta shinshina. Ta ce, "Ba ta ma ƙosa ba."

Na ce, ina jin muryata tana rawa, ai akwai begoniya mai dankali a ƙasa. Amarya ta ce, "Akwai, Anti." Ta ɗan yi shiru. "Amma ba wannan ba."

Gwaggo ta tambayi nawa na saya. Na ce ba yawa. Hanif ya ce 15,000. Gwaggo ta saki salati har audugar idonta ta motsa, ta ce da wannan kuɗin a ƙauyensu kwando za a cika mini a bi ni da gyara. Daga tagar falo kuma, inda na ɗauka babu kowa, sai muryar Abban Hanif: "Ashe wannan ce fulawar."

Duk wannan na yafe. Gwaggo uwa ce, Hanif yaro ne, amarya dole aka yi mata. Wadda ban yafe wa ba ita ce Maman Walid. Kowa ya yi dariya, na sani, amma dariya iri-iri ce. Ita rungume ginshiƙin baranda ta yi tana zamewa ƙasa, ɗankwalinta ya faɗi ba ta ɗauka ba, tana cewa "ta nan ma, ta nan ma" tana bubbuga tayil. Matar da kulata babba, mai ruwan goro, take wurinta tun sunan Walid. Walid ɗin da yanzu yake zuwa makaranta da jaka a baya. Sau huɗu na aika, kullum tana wurin ƙanwarta a Rigasa. Na ga kular da idona a hoton walimar saukar 'yarta, a kan tebur, cike da shinkafa, har lotsawar murfin da na sani.

Kuma ita ce na ba reshen maculata shekara biyu da suka wuce, da bayani shafi guda: yashi kaza, gawayi kaza, taki ruɓaɓɓe, a huda gindin tukunya, kada a ba ta ruwa sai ƙasa ta sha iska don saiwarta saurin ruɓewa gare ta. Ta ce to. Ta je ta cusa shi a tsohon bokitin fenti ta ajiye a lungun bayan kicin kusa da makwarara, inda 'yar aikinta ke watsa ruwan wanke-wanke. Ku je ku gani. Ta wuce taga. Ganye kamar tafin hannun ƙato. Tawa da nake auna wa ruwa da kofi, nake goge wa ƙura da auduga, tsawonta bai kai gwiwa ba, ganye shida, biyu da ƙonannen baki. Ba ta ma san sunanta ba, wai "zabuwa", saboda ɗigon. Ta rarraba reshe a layinmu kaf, yanzu gida bakwai ake cewa zabuwar Maman Walid. Zabuwar Maman Walid! Ni da na riƙo gorar nan a cinya tun daga Jos, ruwan na zuba mini a atamfa duk ramin da mota ta faɗa.

Shekaranjiya amarya ta shigo gaishe ni, ta biyo ta gidan Maman Walid. Ina ga so take ta rarrashe ni, sai ta ce ta ga zabuwar ta yi fure gwanin sha'awa, zarara, ruwan hoda mai duhu. Na ce to. Ta ce wai abin da ya ɗan ɗaure mata kai, maculatar da aka saba sayarwa farin fure take yi, ganyenta kuma ya fi wannan tsukewa. Mai fure irin wannan da faffaɗan ganye ta fi kama da Lucerna, wata tsohuwar begoniya da aka samar ta hanyar haɗa auren iri daban-daban a birnin Lucerne na Suwizalan. Ta dubi tawa, uwar waccan, ta dubi cokalin da ke soke a ciki. Ta ce za ta tafi, ta bar tukunya a wuta.

Ban cire cokalin ba. Tawa ba ta taɓa fure ba, don haka babu shaida.

Gwazar dai na mayar da ita tukunya, ta ma fito da sabon ganye, kuma tsakani da Allah ta fi duk sauran kyau. Gwaggo ta kira jiya, ido ya warke, tana tambaya ko ta isa haƙa. In akwai mai zuwa Rigasa cikinku ta yi mini magana, kular mai ruwan goro ce, murfin ya ɗan lotsa ta gefe.