Larabar da Aka So a Raba Ni Biyu

Wanda ya tsara mana jadawalin laccocin wannan zango ban san shi ba, amma na tabbata bai taɓa takawa da ƙafarsa daga lab zuwa babban ɗakin lacca ba. Da ya taɓa, da bai rubuta cewa firaktikal na kemistiri zai ƙare ƙarfe 12:00 ranar Laraba, laccar lojik kuma ta fara ƙarfe 12:00 ɗin ba. Gine-ginen nan ɗaya yana gabas, ɗaya yana yamma, tsakaninsu akwai filin ƙwallo da wurin ajiye motoci da matakala hawa uku.

Sauran ranakun da sauƙi. Litinin ƙarfe 8:00 kalkulas ne, malaminsa kuwa har yau ƙeyarsa muka fi sani, don da ya shigo allo yake fuskanta har ya fita. Ran nan ya juyo sau ɗaya ya ba mu labarin yadda Newton da Leibniz suka yi ta sa-in-sa a kan wa ya fara gano kalkulas: Leibniz ya buga nasa a 1684, Newton ya ce shi tun kafin nan yana da shi a aljihu. Na zauna ina mamaki. Manyan mutane biyu suna rigimar wa ya ƙirƙiro abin da ni nake neman wanda zan kai ƙararsa.

Talata fiziks. Malamar ta fara da dokar Newton ta farko, ta cikin littafinsa na 1687, wai abin da yake zaune zai ci gaba da zamansa sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Ta gwada mana a kan wani da yake barci a layin baya, da guntun alli. Dokar ta yi aiki. Alhamis bayoloji, shi kam ina sonsa, musamman labarin Mendel da ya shafe shekaru yana ƙirga wake a lambun gidan ibada, ya fitar da rabon 3:1, ya buga a 1866, ba wanda ya kula shi sai 1900, bayan ya daɗe da mutuwa. Juma'a kuwa fara tas, ko lacca ɗaya babu. Ku riƙe wannan, zai dawo.

To, ga Laraba.

Aikin lab ɗin taitireshan ne. Ana zuba asid a kwalba, a ɗiga masa fenolftalin, sannan a buɗe famfon buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni, sinadarin NaOH mai kashe kaifin asid ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo. Fenolftalin ba shi da launi a cikin asid, sai ruwan ya tsallaka wajen 8.2 a ma'aunin ƙarfin asid da ake kira pH yake komawa ruwan hoda. Abin da ake nema shi ne wancan ɗigo ɗaya da zai kawo launi mai haske, wanda in ka karkaɗa kwalbar ba zai gudu ba. Aikin masu haƙuri ne. Ni kuwa ido ɗaya a kwalba, ɗaya a agogo. Da 11:40 ta yi sai na ɗan ƙara wa famfon wuta. Ruwa ya tashi daga fari ya faɗa jajir, bai ko tsaya gaisawa da ruwan hoda ba.

Jami'in lab ya ɗaga kwalbar sama don kowa ya gani. "Ɗan samari, wannan gwaji ne ko rini? Zubar, ka sake."

Abokin aikina, wanda ba ya ɗaukar lojik, saboda haka ba inda za shi, ya karɓe famfon yana cewa, "Mutumina, sannu ba ta hana zuwa." Na ce masa ai ƙarshen karin maganar nake tsoro, sai dai a daɗe ba a je ba.

A hanya ina gudu ina lissafi, tunda ilimi ba ya ɓata. Malamar fiziks ta ce saurin tafiya shi ne nisa a raba da lokaci. Lokacin da jadawali ya ba ni tsakanin 12:00 da 12:00 sifili ne. Malamin kalkulas kuma ya gargaɗe mu cewa raba abu da sifili ba shi da amsa. Wato darussa biyu sun haɗu sun tabbatar ba zan taɓa isa na ukun a kan lokaci ba.

Na faɗa ajin da farar rigar lab a jikina, tabarau na kariya a goshi, ina haki. Malamin yana tsaka da bayanin Aristotle: duk ɗan Adam mai mutuwa ne, Socrates ɗan Adam ne, saboda haka Socrates mai mutuwa ne. Ya kalle ni, ya goge allo, ya rubuta sabo. Duk wanda ya makara ya raina darasina. Wannan likitan ya makara. Ya juya ga aji: "Saboda haka?" Aji ya amsa da murya ɗaya, har da waɗanda na ranta wa biro.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jimlar farko ba gaskiya ba ce. Daga lab nake."

Fuskarsa ta washe. Ya ce abin da yake ta ƙoƙarin cusa wa ajin ke nan tun farkon zango: hujja tana iya tsayuwa daram a tsarinta ko da tushenta ƙarya ne, ingancin tsari daban, gaskiyar magana daban. Ya sa aka tafa mini. Sannan ya naɗe takardar halarta ya sa a jaka, ya ce an riga an ja layi.

Da abin ya ishe ni, na rubuta takardar koke zuwa ofishin da ke tsara jadawali. Na jera hujjata jimla uku, yadda aka koya mini. Ban sa rai ba, don na ji ana cewa takarda in ta shiga ofishin nan sai dai jikokinka su karɓi amsa. Abin mamaki, cikin makon suka amsa. Sun ɗauke lojik daga Laraba, sun kai shi Juma'a ƙarfe 7:00 na safe.

Kilas ref ya sanya hoton sanarwar a guruf ɗinmu na WhatsApp, haɗe da takardar koken, sunana da sa hannuna ɓaro-ɓaro a ƙasa. Ashe cikin ajin gaba ɗaya mu 'yan kemistiri kaɗan ne abin ya shafa, sauran duk Larabarsu lafiya lau take. Na fara rubuta bayani mai tsawo a kan raba nisa da sifili. Kafin in tura, an cire ni daga guruf.