Sao Tome: shekara ashirin ana jiran man da bai fito ba

A watan Disambar 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire Sao Tome da Principe daga jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba. A takarda abin murna ne. Amma duk wanda ya san yadda buhun shinkafa ke isa wannan tsibiri zai ɗan yi jim kafin ya tafa.

Ƙasar tsibirai biyu ce a mashigin tekun Gini, kimanin kilomita 250 daga gaɓar Gabon, kuma al'ummarta ba ta kai dubu 250 ba. Ba ta da tashar da babban jirgin ruwa zai iya matsowa ya jingina. Jirgi yakan tsaya can nesa da gaɓa, sai ƙananan jirage su je su ɗauko kwantena kaɗan-kaɗan, in teku ta yi fushi a dakata. Kowace rana ta jira kuɗi ce, kuma a ƙarshe matar da ke sayen man girki a kasuwa ita ke biya. Wutar lantarki ma yawancinta daga injinan dizal take, dizal ɗin da aka daɗe ana karɓowa bashi ta hannun Angola.

Ni a ganina babban abin da ya cuci wannan ƙasa shi ne zaman jiran fetur. A 2001 ta ƙulla yarjejeniya da Najeriya kan wani yanki na teku da za su haƙa tare, Najeriya ta ɗauki kashi 60, ita kashi 40. Tun mai bai fito ba ƙamshinsa ya ruɗa siyasa: a Yulin 2003 sojoji suka karɓe mulki lokacin da Shugaba Fradique de Menezes ke Abuja, sai da aka yi sulhu Obasanjo ya raka shi gida. A 2004 aka yi doka mai kyau kan yadda za a kashe kuɗin man. Kamfanin Chevron ya haƙa rijiya a 2006, aka ga alamar mai amma bai kai na kasuwa ba. Har yau babu gangar da ake fitarwa. An ɗinka jaka, an saya mata kwaɗo, abin da za a zuba ne bai zo ba.

Alhali ga abin da ke hannu. A farkon ƙarni na 20 waɗannan tsibirai suna sahun gaba a duniya wajen fitar da koko, kodayake da gumin leburorin da Turawan Fotugal suka kwaso daga Angola da Kef Bade aka yi wannan suna, cikin yanayi mai kama da bauta. Bayan samun 'yanci a 1975 gwamnati ta karɓe manyan gonakin, suka lalace. Waɗanda suka farfaɗo da sana'ar su ne ƙananan manoma da suka haɗa ƙungiyoyi. Maimakon su sayar da ɗanyen 'ya'yan koko da araha, sai su tsuma shi da kansu, su baza a kan gadajen shanya, suna juyawa da hannu har ya bushe, su sayar wa masu yin cakulan a Turai da farashin da ya fi. Ƙaramar ƙasa ba za ta iya gasar yawa da Kwaddibuwa ba, amma tana iya gasar inganci.

Wani zai ce kasuwar mutum dubu 200 da ɗoriya ba za ta riƙe babbar tashar jiragen ruwa ba, kuma kada a ci bashin da zai zama alaƙaƙai. Gaskiya ne, shi ya sa nake ganin maganar ta wuce ta ƙasa ɗaya. Kaya mafi yawa daga Fotugal suke zuwa, kuɗin Sao Tome, wato dobra, an ɗaure shi da yuro tun 2010, yayin da Libreville da Douala da Fatakwal ke nan kusa. Ƙaramin jirgin kaya mai zirga-zirga a kan ƙa'ida tsakanin waɗannan tashoshi, da matsaya madaidaiciya da zai jingina, da hasken rana da ruwan duwatsun tsibirin a madadin dizal, sun fi wata sabuwar rijiya amfani ga manomi da masunci.

Najeriya, wadda ta sa hannu a rabon man da ba a gani ba, tana da siminti da taki da kayan masarufi da tsibirin ke tsallake teku ya sayo. Hukumar haɗin gwiwar da ƙasashen biyu suka kafa, mai ofis a Abuja, ya kamata a faɗaɗa aikinta ya haɗa da jigilar kaya da kamun kifi, tun kafin rangwamen da Sao Tome ke samu a matsayin matalauciyar ƙasa ya gama janyewa.