Ƙarin Sa'o'i Biyu a Mashaya, Fargaba a Cikin Gida

Lokacin da Ingila ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2024, hukumomin Birtaniya sun bai wa mashayu izinin ci gaba da sayar da barasa har ƙarfe ɗaya na dare, maimakon ƙarfe 11 da aka saba rufewa, aka kuma yi ta yayata matakin a matsayin goron murna ga magoya baya. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin waɗanda suka sa hannu a kansa ba za su ce ba su san abin da ke faruwa a wasu gidaje bayan an hura usur na ƙarshe ba.

Tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Lancaster suka duba ƙorafe-ƙorafen da 'yan sandan yankin Lancashire suka karɓa a gasannin cin kofin duniya na 2002 da 2006 da 2010, suka tarar cewa cin zarafi a cikin gida yana ƙaruwa da kashi 38 cikin 100 a ranar da Ingila ta sha kashi, da kashi 26 a ranar da ta yi nasara ko aka tashi canjaras. Adadi na farko shi ya fi yawo, musamman bayan hoton faɗakarwar 2018 na fuskar wata mace da jini ya zana mata jan gicciyen tutar Ingila a hanci da leɓe. Hoton ya girgiza zukata, amma ya bar mutane da fahimtar da nake ganin gurguwa ce, wato cewa takaicin rashin nasara ne yake sa namiji ya ɗaga wa matarsa hannu. Idan takaici ne kaɗai, me ya kawo kashi 26 ɗin ranar murna?

Binciken Jami'ar Warwick a kan bayanan 'yan sandan West Midlands ya ba da amsa: a ranakun da Ingila ta ci wasa, cin zarafin da ke da nasaba da barasa ya ƙaru da kashi 47 cikin 100, alhali wanda babu barasa a cikinsa bai motsa ba. Wani binciken a Manchester ya ƙara fito da lamarin fili, inda aka ga ƙorafin yana ɗan raguwa a sa'o'i biyun da ake taka leda, sannan ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa kusan sa'o'i 10 bayan fara wasan, kuma abin ya fi tsanani idan an buga da rana, tunda mashayi ya samu dogon wuni yana ɗirka. Wasan dare bai nuna irin wannan ƙari ba. Ashe ke nan gajeren lokacin sha shi ne ɗan katangar da ke kare wasu matan, kuma ita ce aka rushe da wannan izini.

Masu cewa ƙwallo ba ta dukan kowa, mugu ne kawai yake duka, gaskiya suka faɗa, sai dai gaskiyar ba ta amfani matar da ta kwantar da 'ya'yanta tun da magariba, ta rage sautin talabijin, tana kasa kunne ta ji yadda mabuɗi zai shiga ƙofa ba. Ita ta daɗe da sanin halin mijinta. Abin da take lissafawa shi ne sa'o'i nawa ya yi a waje, kuma hukuma ta ƙara masa biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kowa ke wanke hannunsa. Gidajen talabijin ne ke matsa a buga wasan Firimiya da ƙarfe 12:30 na ranar Asabar, wasan da mu ma muke cika gidajen kallo dominsa, kuma kuɗin haska shi ne ke yanke lokacin, ba lafiyar iyali ba. Kamfanin giyar Budweiser ya shafe shekaru tun 1986 yana ɗaukar nauyin gasar cin kofin duniya. Bayan an kwashe riba sai a bar ƙungiyoyin agajin mata da buga takardun faɗakarwa da ƙara masu amsa waya cikin dare.

Ya kamata a daina wannan ƙarin lokaci, a kuma sake duba wasannin tsakar rana. Idan hukumomin ƙwallo da masu haska ta sun ce hakan ba zai yiwu ba, to su ware wani abu daga biliyoyin da suke tarawa domin gidajen da matan nan ke gudu su fake a daren wasa.